Jaruma, bindigar roba da koren kyalle: me ake nema a wajen mace a ƙaramin fim ɗin kimiyya?

Duk mai yawan kallo ya san irin fina-finan nan. A fosta za ka ga mace riƙe da wata ƙatuwar bindiga, bayanta gari na ci da wuta, sama kuma ga jirgin halittun wata duniya ya rufe rana. Ka kunna da murnarka, minti ashirin bai cika ba ka gane gaba ɗaya fim ɗin a cikin wata tsohuwar masana'anta aka yi shi, jirgin nan na fosta kuma sau biyu za a nuna maka shi, shi ma daga nesa. Daga nan sai a sauke haushin a kan jarumar, wai ba ta iya aktin ba, wai fuskarta a sandare take, wai kyau kawai aka duba aka ɗauke ta. Wani lokacin gaskiya ne, akwai waɗanda wallahi ba su iya ba. Amma sau da yawa ita ce kaɗai abin da ya riƙe fim ɗin bai zube ba, kuma in ka san yadda ake haɗa irin wannan aikin za ka rage saurin yanke mata hukunci.

Mu fara da kuɗin tukuna, don komai daga nan yake tasowa. A Amurka ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA ta kasa ƙananan fina-finai hawa-hawa, akwai wanda kasafinsa bai kai dala 300,000 ba, akwai na ƙasa da 700,000, akwai na ƙasa da miliyan 2, kuma kowane hawa da mafi ƙarancin abin da aka yarda a biya ɗan wasa a rana, yana sauka yadda kasafin yake sauka. Manyan fina-finan da ake son a kwaikwaya kuwa suna cin miliyan 200 ko fiye. To matsalar ita ce fim ɗin kimiyya mai faɗa ya haɗa abubuwa biyu mafiya tsada a harkar. Na ɗaya, duniyar da labarin yake ciki babu ita, sai an gina ta, ko da katako ko da kwamfuta. Na biyu, faɗa da gudu da fashewa suna cin lokaci kamar me, faɗan minti ɗaya zai iya cinye yini guda. Mai yin fim ɗin soyayya da dala dubu ɗari biyar zai samu falo da lambu ya gama aikinsa lafiya lau, amma wanda ya ce zai nuna shekara ta 2090 da wannan kuɗin, to dole wani ya biya bashin abin da ba a iya nunawa ba, kuma yawanci fuskar jaruma ce ke biya.

Sannan ta ina ma kuɗin yake fitowa? Da yawa daga cikin fina-finan nan ana sayar da su tun kafin a ɗauki ko sin ɗaya. Furodusa zai je kasuwar fim, irin ta Cannes a Faransa ko AFM ta Amurka, da fosta da taƙaitaccen labari da sunayen 'yan wasa, dillalan ƙasashe su saya, wannan ya ɗauki haƙƙin nunawa a Jamus, wancan Japan, wancan Gabas ta Tsakiya, sai ya tattara takardun alƙawarin ya kai banki a ba shi rance. Su dillalan nan ba labari suke saye ba, suna suke saye. Shi ya sa za ka ga an nemo wani tsohon jarumi da ya yi tashe shekaru talatin baya, a ba shi kaso mai tsoka na kasafin ya zo ya yi kwana ɗaya ko biyu, yana zaune a kujera yana ba da umarni ta waya ko ta allon kwamfuta, a barbaza sina-sinansa a farko da tsakiya da ƙarshe don ka ɗauka yana cikin fim ɗin gaba ɗaya. Ita kuwa jarumar tana nan tun ranar farko har ta ƙarshe, ita ce gudu, ita ce faɗuwa a tabo, ita ce kuka. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Kuma ba yau aka fara ba. A Cyborg 2 na 1993, wanda kai tsaye kaset ya tafi bai ga sinima ba, babban sunan da ke ciki Jack Palance ne, wanda bai daɗe da cin Oscar ba a lokacin, amma mafi yawan fitowarsa bakinsa ko idonsa kawai ake nunawa a akwatin talabijin yana magana. Wadda ta ɗauki nauyin fim ɗin a kanta wata yarinya ce da ba ta kai shekara ashirin ba, ta fito a matsayin mutum-mutumi, sunanta Angelina Jolie. Shi ne fim na farko da ta ja a matsayin jaruma, kuma a 2000 ta ɗaga nata Oscar ɗin da wani fim daban. Ko The Terminator na 1984, da aka yi shi da kusan dala miliyan 6.4, je ka duba fostarsa, Arnold Schwarzenegger ne shi kaɗai da tabarau da bindiga, alhali duk maganar da ya yi a ciki ba ta kai kalma ɗari ba. Labarin na Sarah Connor ne, ita ce ta fara a matsayin mai kai abinci a gidan cin abinci ta ƙare tana murƙushe injin da ya zo kashe ta, kuma Linda Hamilton ce ta yi wannan tafiyar a gaban kyamara.

To yanzu mu shiga lokeshan, don nan ne abin yake. A ƙa'idar da aka saba, shafi ɗaya na sikirif minti ɗaya ne a allo, fim ɗin minti casa'in ke nan shafi casa'in. Babban fim zai iya ɗaukar shafi biyu ko uku a rana, wani lokacin ma ƙasa da haka in sin ɗin faɗa ne. Ƙaramin fim da aka ba shi sati biyu ko uku kuwa, ka raba da kanka, shafi biyar, shida, har goma a rana ɗaya. Ma'ana babu maimaici. Darakta ya ce a tafi, a ɗauka sau ɗaya, sau biyu, in kyamara ba ta girgiza ba kuma ba wanda ya manta maganarsa, shi ke nan an wuce, ko da ita jarumar ta san a ranta cewa a karo na uku ne za ta kamo abin da take nema. Kuma ba a jere ake ɗauka ba, ana bin wuri ne, duk sin ɗin da ke faruwa a wannan lungun yau za a gama da shi don gobe an mayar da makulli. Sai ka ga da safe ta yi sin ɗin da ƙanwarta ta mutu a hannunta, bayan azahar an goge mata jinin ƙarya an gyara gashi ta koma sin na uku inda take dariya da wannan ƙanwar, da daddare kuma a mayar da jinin a daidai inda yake ɗazu. A babban fim akwai masu kula da wannan su da yawa, a ƙarami sau da yawa ita ce za ta tuna wa mai kwalliya cewa yankan a kumatun hagu yake ba dama ba.

Abin da ya fi wahala kuma shi ne wasa da abin da babu shi. Dodon da ke bin ta babu shi a wajen, ƙwallon tenis ne a kan sanda wani yaro yana riƙe da shi don ta san inda za ta kai idonta, ko kuma ɗan salatif da aka manna a jikin koren kyalle, wato kyallen da ake ratayawa a bayan 'yan wasa don daga baya kwamfuta ta maye gurbinsa da wani hoto. Bindigar roba ce, ba ta ƙara ba ta wuta, ita za ta girgiza kafaɗa kamar ta harba, daga baya a zana wutar a kwamfuta a sa ƙarar. Mataimakin darakta na gefe yana ihu, ga shi nan ta hagu, ya taso, faɗi! Wannan a manyan fina-finai ma ana yi, bambancin shi ne can in an ce dodo zai fito to zai fito, za a nuna maka shi har haƙora. A ƙaramin fim kowane sakan na siddabarun kwamfuta an ƙirga shi an yi masa kuɗi, don haka sai a nuna dodon na sakan biyu, a yanke a dawo kan fuskarta na sakan goma. Girman dodon, muninsa, kusancinsa, duk a idonta za ka karanta. In ta yarda da shi kai ma ka yarda, in ba ta yarda ba fim ɗin ya mutu a wajen, ko da mai kwamfutar gwani ne.

Wanda ya fi kowa nuna wannan a fili a ganina shi ne Monsters na 2010. Gareth Edwards ya yi shi da ƙasa da dala 500,000, ma'aikatan ba su kai goma ba, suna yawo a mota ɗaya ta Meziko da wasu ƙasashen Amurka ta Tsakiya, 'yan wasa na ainihi biyu ne kacal, Whitney Able da Scoot McNairy, sauran mutanen da ke ciki waɗanda aka tarar a hanya ne. Babu cikakken sikirif, ana gaya musu abin da sin ɗin yake nufi su ƙirƙiri maganar da kansu. Halittun kuma shi daraktan ya zauna a ɗakinsa ya zana su a kwamfuta bayan an dawo. To ka ga a nan Able tana kallon sama ne tsura, tana tsoron abin da ko shi daraktan bai gama yanke shawarar kamanninsa ba. Daga wannan fim ɗin aka ɗauki Edwards aka ba shi Godzilla na 2014 sannan Rogue One na 2016. Ita kuma fa? Ta ci gaba da aikinta, amma ba ta samu irin wannan tsallen ba, kuma wannan shi ma wani abu ne da ke yawan faruwa, in ƙaramin fim ya yi kyau sai a ce darakta ya yi abin mamaki da ɗan kuɗi, in ya lalace a ce jaruma ba ta iya ba.

Akwai kuma wani kaya da ake jibga mata wanda mutane ba sa lura, wato bayani. Tunda ba a da kuɗin nuna yaƙin da ya rusa duniya, dole wani ya tsaya ya ba da labarinsa da baki. Sai a rubuta mata rabin shafi na sunayen injuna da ƙwayoyin cuta da shekarun da ba su zo ba, kalmomin da marubucin ya ƙirƙira da tsakar dare, a ce ta faɗe su tana haki tana ɗura harsashi kamar tun tana yarinya ta san su. Dan Allah ka gwada karanta irin wannan da ƙarfi ka ji yadda harshenka zai yi. Jarumar da ta iya sa wannan shirmen ya fito kamar maganar mutum, ni a wajena ta fi wadda ta iya kuka gwaninta, don kuka ana koyo, wannan kuwa sai mai kunne.

Sai maganar jiki. A babban fim ana ba jaruma watanni tana atisaye da masu koyar da faɗa kafin a fara. A ƙarami ana iya nuna mata faɗan da safe a ɗauka da rana. Shi ya sa za ka ga an yayyanka sin ɗin gunduwa-gunduwa, kyamara na rawa, duhu ya yi yawa, ba wai salo ba ne, ɓoye rashin shiri ake yi. Shi ya sa kuma furodusoshi suke son wadda ta zo da abinta, 'yar rawa ko 'yar kareti ko 'yar tsalle-tsalle, irin su Cynthia Rothrock da ta shigo fim da kambunan gasar faɗa a hannunta ta cika kasuwar kaset a shekarun 1990, don wadda ta iya duka da kanta ta rage musu kuɗin mai shiga madadinta, kuma ana iya barin kyamara a kan fuskarta tana yi. Linda Hamilton ta ji ciwo a idon sawu dab da fara The Terminator, ba a ɗaga aikin dominta ba, aka tura sina-sinan gudu can baya a jadawali, ana ɗaure ƙafar kullum tana gudu a kai. In ka sake kallo ka tuna da wannan.

In an samu mai shiga madadin ma, ba a nan haɗarin ya ƙare ba, ya koma kan wata mace ce kawai wadda ba za ka taɓa ganin fuskarta ba. Kayan da ake sa wa jarumai mata, matsattsu, hannu a waje, wani lokacin da takalmi mai tsini, ba su da inda za a ɓoye katifar kariya a gwiwa ko a baya, alhali namiji yana cikin jaket da dogon wando an cusa masa komai a ciki. An kuma daɗe ana ƙorafi a kan al'adar sa wa ƙato gashin kanti ya shiga a madadin mace maimakon a ɗauki macen da ta iya aikin. A 2015 a Afirka ta Kudu, Olivia Jackson, wadda ke shiga madadin Milla Jovovich a fim ɗin Jovovich na ƙarshe a jerin Resident Evil, ta yi karo da ƙarfen kyamara tana kan babur, har aka yanke mata hannun hagu, kuma wannan fim ne mai kusan dala miliyan 40. To ina ga wanda ake ƙirga kuɗin motar asibiti ana tunanin ko a bar ta yau? Abin da ya faru a wajen ɗaukar Rust a 2021, inda harsashi na gaske ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ba fim ɗin kimiyya ba ne, na kaboyi ne, amma ya nuna wa kowa abin da gaggawa da tsuke aljihu suke jawowa in akwai bindiga a wajen.

Wani zai ce to me ya sa ma ake yawan ba mace jan ragamar irin waɗannan fina-finan? Dalilan sun cakuɗe, akwai mai kyau akwai wanda ba shi da daɗin faɗa. Tun da Sigourney Weaver ta fito a Ripley a Alien na 1979, matsayin da tun asali aka rubuta shi yadda namiji ko mace kowa zai iya hawa, har ta kai ga shiga takarar Oscar da na biyunsa na 1986, masu kallon wannan nau'in suka saba da mace a gaba, ba sai an lallashe su ba. Sannan a labari, in ka sa ƙaramar mace a gaban ƙaton inji tsoro ya riga ya samu ba ka kashe ko sisi ba. Ɗaya dalilin kuma kowa ya sani, jiki yana sayar da fosta, kuma akwai dillalan da abin da suke tambaya ke nan. Shi ya sa za ka ga sojar da aka ce tana yaƙi a duniyar ƙanƙara amma cibiyarta a waje. A kontiragin da ƙungiya ta sa baki sai an rubuta dalla-dalla abin da za a nuna na jikinta ta sa hannu tun kafin ranar, amma ƙananan fina-finai da yawa a wajen ƙungiya ake yin su, a ƙasashen da aka je don arha, kuma sabuwar jaruma da ke tsoron kar a ce tana da wahalar sha'ani ba kullum take iya cewa a'a ba a gaban mutum talatin da ke jiran ta rana na faɗuwa.

Matsayin mutum-mutumi kuwa tarko ne mai kyan gani. Furodusa yana ganin ya huta, tunda inji ce ko ba ta iya aktin ba ai ba a gane ba. Ƙarya ne, nan aka fi ganewa. Tsakanin fuskar da ba komai a cikinta da fuskar da ke ɓoye wani abu akwai tazara mai yawa, kuma kyamara tana gani. Alicia Vikander a Ex Machina na 2014, fim ɗin dala miliyan 15, ta yi makarantar rawar bale a Suwidin tun tana ƙarama, shi ya sa in ta juya wuya ko ta ɗaga ƙafa sai ka ji tafiyar ta yi santsi fiye da ta mutum, wani abu a jikinka ya ce maka wannan ba daidai ba ne. Ba a yi amfani da koren kyalle ba wajen ɗaukar ta, ana ɗaukar sin da ita, a sake ɗauka babu ita, daga baya a goge sassan jikinta a sa na inji. Fim ɗin ya ci Oscar na siddabarun kwamfuta a 2016 a gaban su Star Wars da Mad Max, amma masu kwamfutar motsinta suka bi, ba ita ta bi nasu ba.

Bayan an tashi daga lokeshan kuma abin ya fita daga hannunta gaba ɗaya. In sautin wajen ya lalace, kamar yadda yake yawan yi a masana'anta mai amsa-kuwwa da janareta a gefe, sai a kira ta bayan wata shida ta shiga ɗan ɗaki ta sake faɗar maganganun tana bin leɓenta a allo, cikin 'yan awanni, ba abokin wasa ba komai, shi ya sa wani lokacin za ka ji muryar kamar ba daga wajen take fitowa ba. In kuɗin kwamfuta ya ƙare a tsakiya, dodon da aka ce mata ya kai bene hawa uku sai ya fito bai fi doki ba, ita kuma ga ta nan tana kallon can sama tana kururuwa, kai mai kallo ka yi ta dariya kana cewa ta cika zaƙewa. Edita kuma ba mafi kyan wasanta yake zaɓa ba, wanda hoto ya fito tas yake zaɓa.

Abin da take samu fa? Kuɗin hannu kaɗan ne, sau da yawa a haɗa mata da alƙawarin kaso daga riba, ribar da a takarda ba ta cika bayyana ba bayan dillali da mai rarrabawa sun cire nasu. Abin da ya fi kuɗin shi ne ta samu minti uku masu kyau da za ta yanka ta nuna wa masu zaɓen 'yan wasa, ga ni ina jan fim, ga ni ina faɗa. Yanzu kuma an samu sabon abin lura a kontiragi, wato ɗaukar surar jikinta da fuskarta da na'ura a ajiye a kwamfuta. Yana cikin manyan abubuwan da suka sa 'yan wasan Amurka yajin aikin kwana 118 a 2023, har aka amince cewa sai da izini da biya kafin a yi amfani da irin wannan kwafin. Fim ɗin kimiyya shi ya fi kowane yawan buƙatar wannan ɗaukar, kuma wadda ta sa hannu a wajen ƙungiya wannan yarjejeniyar ba ta rufe ta ba.

Ni dai in ina kallon irin fim ɗin nan na daina duba dodon, na san ba zai yi kyau ba. Idonta nake bi, in ga ko yana tsayawa a wuri ɗaya da nisan da ya dace ko yana yawo. Ina duba yadda take riƙe bindigar, ko ta ba ta nauyi ko tana wulwula ta kamar leda, da kuma ko gajiyar da ta kwaso a sin na arba'in tana nan a jikinta a na arba'in da ɗaya, wanda wataƙila sati biyu ne tsakanin ɗaukarsu. Sai kuma lokacin da tsohon jarumin nan yake magana ita tana saurare, don a mafi yawan lokuta ranar da aka ɗauki ɓangarenta shi ya riga ya hau jirgi ya koma gida, ƙeyar wani mai irin jikinsa take kallo, mataimakin darakta na karanta mata maganarsa daga takarda.